Mundayen Gumsu

Duk wanda ya saba shiga kasuwar tattasai ta Diffa ya san Mala, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan siriri mai baƙar hula, wanda in ka hango shi tsaye cikin buhuna sai ka ji tsoron kada iska ta yi gaba da shi, amma ya sunkuya ya ciccibi buhu shi kaɗai ya aza a mota, samari na tsaye suna kallo. Mutumin Geskeru ne, manomi ɗan manomi. A bakin kogin Komadugu aka yanke masa cibiya, a nan ya yi wayo, a nan gashinsa ya fara furfura. Hausarsa ta ciniki ce, a gida kuwa Barbarci suke yi.

Abu ɗaya abokan kasuwa suka daɗe suna tsokanarsa da shi. Mala ba ya komawa gida hannu rabbana. Leda a dama, leda a hagu: balangu mai kitse, fanke, lemon kwalba, madarar gwangwani, wani lokaci har da alawa kamar mai zuwa gidan yara. Shi kuwa ko ɗanɗanawa ba ya yi, shayinsa da gyaɗarsa sun ishe shi. Duk wannan kaya na matarsa Gumsu ne, kuma akwai dalili.

A gonar tattasai ya fara ganin Gumsu, tana budurwa, ta zo tsinka tare da 'yan'uwanta. Ba doguwa ba ce, amma kakkaura ce, irin matan da ke ɗora kwano cike a ka su haura gangaren kogi suna hira. Ranar da aka kai ta ɗakinsa, mahaifiyarta ta zura mata mundaye biyu na azurfa a hannun hagu. Tun daga ranar Mala bai ƙara buƙatar ɗaga kai don ya san inda matarsa take a gona ba. In tana tsinka mundayen suna bugun juna, ƙil, ƙil, a hankali, shi kuma yana can yana jan ruwa zuwa kunyoyi yana ji. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, aka haifi Hanifa da ƙannenta, aka yi shekarun samu da na ambaliya.

Sai shekarar gudu ta zo. Ba sai an tsaya faɗin abin da ya kori mutane daga bakin kogi ba, duk ɗan yankin ya sani. Suka bar Geskeru da abin da kai zai iya ɗauka, suka yada zango a Asaga kusa da kwalta, cikin bukkokin kara da tamfol. Noma ya tsaya. Mala, mutumin da almajirai da baƙi ke ci a ƙofar gidansa, ya koma bin layin rabon hatsi. Abin da aka samo ba ya kaiwa, Gumsu kuwa ta ƙware wajen cewa ta ci tun a bakin murhu. Daga baya zazzaɓi mai naci ya kama ta, ya tafi da ɗan abin da ya rage. Mundayen suka daina ƙil ƙil ɗin da ya sani. In ta ɗaga hannu sai su zurara har gwiwar hannu, in ta sauke su dawo da ƙara, kamar cokali a kwanon da babu komai.

Wata safiya tana alwala a bayan bukka, ta sauke hannu, sai mundayen biyu suka zame ta kan yatsunta suka faɗi cikin rairayi. Ba ta cire su ba, hannun ne ya kasa riƙe su. Mala yana zaune yana gani. Ya taso ya tsince su, ya hure ƙasar, ya mayar mata. A ransa ya yi alkawari tsakaninsa da Ubangijinsa: in har ya sake taka gona, sai mundayen nan sun zauna daram a hannunta, ba zai ƙara jin ƙararsu ba. Abin ya yi masa ciwo fiye da barin gida.

Allah ya maido shi gona. Da abubuwa suka ɗan lafa, ya sami aron fili a bakin kogi kusa da Diffa, suka kama gida a gefen gari, tattasai ya sake yin ja a shanya. Ranar da ya sayar da buhun farko ya fara cika alkawari. Ya ce wa Gumsu ta gama wahalarta ta duniya, babu gona, babu daka, babu ɗebo ruwa, ta zauna kawai ta ci. Da ya ga jikin yana jan ƙafa wajen dawowa, wani mai yawo da magani a faranti ya nuna masa wasu 'yan ƙwayoyi farare, ya ce su matan birni ke sha, suna buɗe ciki suna kawo jiki. Mala ya saya. Shi da kansa yake miƙa mata kowace safiya da kofin madara, yana tsaye har ta haɗiye.

Jiki kuwa ya zo. Fuska ta cika ta yi zagaye, wuya ya yi ninki, zane ya daina zagayowa yadda ya saba. A ƙasarmu jikin mace shi ne shaidar mijinta, ba a tambayar mace ko tana jin daɗin aure, kallonta ake yi. In Gumsu ta shiga gidan suna sai mata su ce Mala ya iya riƙon mace, maganar ta zagayo har kunnensa a kasuwa, ya yi kamar bai ji ba alhali har hularsa gyarawa yake yi. Mundayen suka nutse cikin hannun, ko juyawa ba sa yi. Sun yi shiru kamar yadda ya roƙa, kuma Mala bai taɓa samun kwanciyar rai irin ta wannan lokacin ba.

Mutum in yana murna ba ya gani sosai. Ya ga tana yawan shan ruwa, ya ce zafin Diffa ne. Ya ga in za ta tashi sai ta dafa bango, ya ce nauyin hutu ne, har ya ƙaro mata farfesun ƙafar saniya don gwiwa. Ya ga turmi ya bar tsakar gida ya koma cikin ɗaki kusa da tabarmar salla, a gidan da aka hana daka, bai tambayi dalili ba.

Wata ranar Talata ya manta igiyar ɗaurin buhu, ya dawo gida bayan azahar. Ya yi sallama ba a amsa ba. Da ya ɗaga labule sai ya tarar da Gumsu durƙushe a kan tabarmar salla, hannayenta biyu rungume da bakin turmi, tana jan jikinta sama. Ta taso kaɗan, ƙafafun suka yi rawa, ta koma. Gumi ya jiƙa mayafinta. Da ta gan shi sai ta yi dariya, irin dariyar wanda aka kama da hannu a tukunya.

Ta ce, "Malam, ka dawo da wuri."

Ya ce, "Tun yaushe kike haka?"

"Tun na idar da salla."

"Ba yau nake tambaya ba."

Ta ce tun kakar bara. In ta yi sujada ba ta iya miƙewa sai da turmi, yau kuma turmin ma ya ƙi. Ya sa hannu ya ɗaga ta. Shi da ke ɗaukar buhu, sai da ya yi nishi.

Da yamma 'yarsu Hanifa, wadda ke aure a cikin gari, ta zo ta ji labari. Ta ce gobe sai gidan likita. Mala ya so ya yi gardama, don a ganinsa maras lafiya shi ne wanda ya rame, mace kamar wannan ina ciwo zai samu wurin zama? Hanifa ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Baba, wadda ba ta iya tashi daga sujada ai ba lafiya gare ta ba." Washegari suka ɗauki adaidaita su uku.

Likitar da suka samu mace ce mai ƙuruciya, sunanta Bushra, 'yar 'yan kasuwar Damagaram da suka daɗe a Diffa. Ta gaida Mala da Baba, ta gaida Gumsu da Inna, ta sa aka auna nauyinta da jininta. Ta ce sukari ya hau, hawan jini ma ya fara leƙowa. Sannan ta ce za ta yi mata eko.

Mala ya gyara zama. Eko dai ya san shi, na'urar da ake duba cikin masu juna biyu ce, an yi wa Hanifa. Ya ce cikin Hausarsa ta kasuwa, "Lokotoro, mu ai mun wuce nan. Jikoki gare mu."

Gumsu ta rufe baki da mayafi tana dariya. Likita ma ta murmusa, ta ce, "Ba jariri za mu nema ba, Baba. Sikeli ya gaya mini nauyin Inna, amma bai gaya mini nauyin mine ne ba. In an kawo maka buhun tattasai mai nauyi, saye kake yi haka nan?"

"A'a. Sai na sa hannu ciki. Wani nauyin na danshi ne."

"To ni ma hannu zan sa ciki, ba tare da na yanka ba."

Gumsu ta kwanta a gadon, Hanifa na riƙe da mayafinta. Likita ta shafa mata wani mai mai sanyi a gefen ciki, ta ɗora kan na'urar, hoto baƙi da fari ya fito a allo yana motsi. Mala bai ga komai ba sai hazo. Ta nuna masa da yatsa: wannan ƙoda ce, wannan ta kusa da ita hanta ce. Ta ce kamata ya yi launinsu ya yi kusa da juna, amma ya duba yadda hantar ta yi fari tana ƙyalli. Kitse ne ya shiga cikinta. Mala ya yanka raguna da yawa a rayuwarsa, ya san yadda lafiyayyar hanta take, bai ji daɗin maganar ba.

Sannan ta koma kan cinya, sama da gwiwa kaɗan. Nan hoton ya fi sauƙin ganewa, hawa-hawa ne. Ta ce na sama fata ce, wannan mai kaurin da ya cinye rabin allo kitse ne, farin layin can ƙasa ƙashi ne. Tsakanin kitsen da ƙashin akwai wani ɗan siririn abu kwance. Ta ce wannan ita ce tsoka, ita ke tada mutum daga zaune, ita ke hawa da shi gangare. Ta auna kaurinta a allon, ta girgiza kai.

Mala ya ce, "Wataƙila na kowa haka yake."

Likita ta dube shi, ta ce, "Baba, naɗe wandonka."

Dattijo da furfurarsa, a gaban 'yarsa da 'yar mutane. Ya dubi ƙofa. Gumsu daga kwance ta ce da Barbarci, "Naɗe mana, Malam. Ni an kalli hantata ban ce komai ba." Hanifa ta juya baya, ya zauna a kujera ya naɗe wando, ƙafar nan tasa kamar sandar makiyayi ta fito. Aka shafa mai, aka ɗora na'ura. Kitsen da ke ƙarƙashin fatarsa bai fi kaurin takarda ba. Daga nan har ƙashi tsoka ce, baƙa, cike da allo. Likita ta ajiye hotunan biyu gefe da gefe.

Ya daɗe yana kallo. Matar da ya yi shekaru yana ginawa, ashe a ciki ta fi shi ramewa. Ramar Asaga ba ta tafi ko'ina ba, rufe ta ya yi, har ya ƙara mata.

Likita ta tambaya ko akwai wani magani da Inna ke sha. Mala ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙwayoyin, don kullum suna tare da shi. Ta juya fakitin ta karanta, fuskarta ta canza. Ta ce magani ne na gaske, ana ba da shi ga wasu cututtuka na ɗan lokaci, amma in aka daɗe ana sha yakan tara kitse a fuska da ciki, ya tada sukari, ya cinye tsokar cinya. Mala ya miƙa hannu zai karɓa ya watsar. Ta hana shi, ta ce jiki ya saba da shi, in aka yanke rana ɗaya zai iya kayar da ita, a hankali za a riƙa ragewa kuma ita za ta faɗi yadda za a yi. Ta ce a bar lemo da fanke da madarar gwangwani, a kama kifi da wake da zogale. Kuma Inna ta yi tafiya kullum, ko ba ta so.

Ya ce, "Za ta tashi da kanta?"

Ta ce, "Tsoka tana dawowa in an yi aiki da ita. Ban yi maka alkawarin ta budurci ba."

Da suka fito, Hanifa ta tafi neman adaidaita, su biyu suka zauna a benci ƙarƙashin dogon yaro. Mala yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Kin san abincin nan ne da maganin?"

Ta ce, "Ban san sunan abin ba. Amma ƙafafuna sun daɗe da gaya mini."

"Don me kika ci gaba da ci?"

Ta gyara mayafi. Ta ce, "Tun Asaga ban ga fuskarka ta saki ba sai in ina tauna. Ka ɗaure ni a turke kamar ragon layya, na duba na ga mai kiwon yana jin daɗi, sai na ce bari in ƙyale shi." Ta taɓa shi da gwiwar hannu don ya yi dariya. Bai yi ba, hawaye ne suka zubo masa, a bakin titi, rana tsaka. Ta miƙa masa gefen mayafinta ya share.

Abin da ya biyo baya ya fi wa Mala wuya fiye da neman kuɗin balangu. Ranar farko da ya wuce mai nama bai tsaya ba, sai da mutumin ya biyo shi yana tambaya ko an yi masa laifi. Abokai suka ce ko kasuwa ta karye ne. Yanzu ledarsa ɗaya ce, kifin kogi da ganye. Da safe kafin ya tafi gona yakan fito da Gumsu, ta dafa kafaɗarsa, su taka zuwa ƙofar gida su dawo. Bayan kwanaki suka kai famfon unguwa, daga baya har bakin kwalta. Tana tafe tana mita, tana cewa da ya hana ta tafiya, yanzu ya hana ta zama, ita dai ba ta san ranar da za a tambaye ta abin da take so ba.

Fuskar Gumsu ta fara saɓewa, mutane kuma suka fara magana. Yayarsa Hajja ta zo takanas daga Asaga, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Mala, me Gumsu ta yi maka? Mace ta tsufa a hannunka sannan ka gaji da ciyar da ita?" Ya buɗe baki zai yi bayanin hanta da tsoka, ya ga babu ta inda zai fara, ya haɗiye. Kunyar ta dame shi, amma ba ita ce babba ba. Babbar ita ce hannun hagun Gumsu. Kowace safiya idonsa na kai, yana ganin mundayen sun fara juyawa, yana tuna Asaga. Da suka koma wurin likita ta sake ɗora na'ura, ta nuna masa siririn abin nan ya ɗan ƙara kauri, ta ce madalla. Ya gode mata. Sai dai har lokacin a kan kujera Gumsu ke salla, shi kuma ba hoto yake jira ba.

Da tattasai ya nuna aka fara tsinka, Gumsu ta ce za ta gona. Ya ce da nisa. Ta ce likita ta ce ta yi tafiya, ko ya fi likita ne? Suka hau amalanke har inda hanya ta ƙare, sauran suka taka, tana hutawa tana tashi. Da ta hango kogin ta tsaya ta daɗe tana kallo, rabonta da shi tun ranar da suka bar Geskeru. Ta shiga kunyar tattasai ɗaya ta tsinki abin da ta iya, ta zauna a inuwa tana yi wa masu tsinka gyara, wai 'yan matan yanzu suna karya reshe.

La'asar ta yi, masu aiki suka nufi bakin ruwa. Mala ya shimfiɗa buhuna biyu a kan rairayi, ɗaya gaba ɗaya baya, ya kifa babban kwano a kan na bayan don ta zauna. Gumsu ta sa ƙafa ta ture kwanon gefe. Ya dube ta, ta ce, "Ka tada salla, rana na tafiya."

Ya shiga gaba ya kabbarta. La'asar ba a bayyana karatu, babu abin da ake ji sai tsuntsaye da injin ban ruwa can nesa. Ya yi ruku'u, ya yi sujada ta farko, ya yi ta biyu. Ya ce Allahu akbar ya miƙe tsaye, kuma mai salla ba ya waiwaye. Babu turmi a bayansa, babu bango, babu kafaɗarsa. Ya tsaya yana saurare, Allah ya yafe masa. Ya ji numfashinta. Ya ji buhu yana motsi a kan rairayi, ya ji ta tsaya, ya ji ta sake yunƙurawa. Sannan ya ji ƙil, ƙil, a hankali, daga ƙasa yana hawa, har ya zo daidai bayan kafaɗarsa ya tsaya.

Ba ƙarar Asaga ba ce. Ita ce wadda yake ji a gonar Geskeru yana jan ruwa, wadda ya manta da ita ya yi shekaru yana yaƙi da ita. Fatihar da ya haddace tun yana yaro ta ɓace masa, sai da ya koma farko.

Da suka yi sallama bai iya juyowa nan da nan ba, ya zauna yana kallon kogi yana jan carbi. Daga bayansa Gumsu ta ce, "Malam, ka tsawaita tsayuwa. Ƙafafun nan sababbi ne, ka riƙa tausaya musu."

Ya ce to. Ta miƙo hannun hagu ta karɓi carbin, mundayen suka sake bugun juna.